Mutum Huɗu a Duk Gyadi-Gyadi

Ranar Litinin da safe na buɗe alƙaluman Gyadi-Gyadi, na tarar da mutum huɗu. Na rufe kwamfutar na sake buɗewa, kamar ina tsammanin za su hayayyafa kafin in dawo. Suna nan su huɗu. Gida ɗari uku ma'aikatanmu suka zaga a unguwar, wai a cikinsu duka tsofaffi huɗu ne kacal ba sa iya wanka ko zagayawa sai an kama su. Ni kuwa a Gyadi-Gyadi aka yanke min cibiya, can nake kwana can nake tashi, kuma a layinmu kaɗai zan lissafa biyar ban ja numfashi ba. Na shidan mahaifina ne.

Cibiyar da nake wa aiki tana Tarauni, a saman wani shagon taya, inda injin ba da iska ke girgiza mana tebur tun safe har yamma. Aikinmu bincike kan tsarin lafiya, nawa kuma duba abin da masu shiga unguwa suka kawo kafin a rubuta rahoto. Wannan karon wani kwamiti ne ya ba mu aiki. Suna so su gwada wani asusu: kowane gida ya riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, hukuma ta ɗora nata, a ɗauki ma'aikatan jinya su riƙa bin gidaje sau uku a mako, su yi wa wanda ke kwance wanka, su juya shi, su wanke masa gyambo. Abin da aka ware wa gwajin ba zai ishi ko'ina ba. Mazaɓa biyu za a ɗauka, waɗanda buƙatarsu ta fi yawa, kuma rahotonmu ne zai nuna su ranar Alhamis da azahar. Unguwar Gano tana da arba'in da ɗaya. Babban Giji tana da talatin da shida. Mu kuma lafiya ta yi mana yawa.

Ba kishin unguwa ne ya hana ni zama a kujera ba, ƙanwata ce Hafsat. Shekara uku ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, shekara ɗaya bayan rasuwar Mama. Lokacin Hafsat tana aji biyu a kwalejin ilimi, ta ajiye karatun ta ce na wata shida ne. Sau biyu makarantar tana ɗaga mata ƙafa. Takarda ta uku ta zo a watan jiya, ta ce in ba ta yi rajista kafin ƙarshen wannan watan ba, gurbinta ya tafi. Ni na zauna a bakin katifarta na ce ta shirya, ma'aikatan jinya na nan tafe, ai ko makaho ya san Gyadi-Gyadi za ta shiga. Ta dube ni ta ce, "Yaya, sai na ga wanda zai juya Baba tukuna." Yanzu saura kwana tara watan ya ƙare.

Na kira Ashiru, wanda ya jagoranci masu tambaya a unguwar tamu. Mutumin kirki ne, illarsa ɗaya, yana son a ce ya riga kowa gama aiki.

"Ashiru, yaya kuka yi tambayar nan?"

"Yadda aka tsara, Malama Zahra'u. Muka je wurin mai unguwa, ya haɗa mu da Malam Inuwa ya raka mu. Wallahi ya taimaka, ba gidan da aka ƙi mu."

"Kun shiga ciki?"

"Mu maza? A ƙofar gida muke tsayawa. Malam Inuwa ya yi sallama da mai gidan, ya fito, mu karanta masa."

"Malam Inuwa yana tsaye a wurin?"

"Wani lokacin ma shi yake maimaita tambayar da ƙarfi, in mai gidan bai ji ba."

Na dafe kaina. Malam Inuwa ɗan aiken mai unguwa ne, ba shi da mugunta, sai dai duk abin da ya shiga kunnensa da hantsi, kafin la'asar ya isa teburin mai shayi. Kuma ko da bakinsa a ɗinke yake, wane magidanci ne zai tsaya a ƙofar gidansa, gaban mutumin da suke sahu ɗaya a masallaci, ya ce uwarsa ba ta iya riƙe fitsari? A Unguwar Gano da Babban Giji mata muka tura, baƙi, suka shige har uwar ɗaka. A tamu unguwar aka tura maza da rakiya, wai don a girmama mai unguwa. Ni na sa hannu a kan wannan tsarin, shi ya fi ci min rai.

Na nemo gidanmu a cikin jerin. Mai amsawa Sani Lawan, yayana. Akwai wanda ke buƙatar taimako wajen wanka, sa kaya ko zagayawa? Babu.

Dakta Victor, shugaban binciken, ya saurare ni yana juya biro a yatsunsa. Mutumin Kafanchan ne, ya shekara ashirin a Kano, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ba ya son a taɓa alƙaluma bayan an rufe su, kuma na san yana da gaskiya, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan.

Ya ce, "Malama Zahra'u, abin da kika sani don kina 'yar unguwa ba hujja ba ne. In na karɓi naki, gobe wani zai zo min da nasa layin."

"To a sake tambaya, Dakta."

"Gida ɗari uku a kwana biyu?"

"Talatin. Talatin na farko a jerin Ashiru, ba ni zan zaɓa ba. Ni da ma'aikaciyarmu Joy, ba rakiya. In abin da muka samu ya zo daidai da nasa, ba za ka sake jin bakina ba."

Ya jawo jerin ya duba. "A talatin ɗin nan Ashiru bai samu kowa ba. In kuka kawo min mutum shida, zan rubuta wa kwamiti cewa ƙidayar Gyadi-Gyadi ba ta inganta ba, su dakata a sake ta. Ƙasa da haka ba zan buɗe baki ba." Ya ɗora yatsa a kan wani layi. "Wannan Sani Lawan ɗin naku ne?"

"Gidanmu ne."

"To Joy ce za ta yi shi, ba ke ba."

Ina sauka daga benen na riga na gama lissafi. Shida, a cire Baba, saura biyar. Ban ko tsaya tunanin cewa ban tambayi Baban ba.

Da la'asar na tarar da Yaya Sani a bakin titin Zariya, yana zaune cikin adaidaitarsa yana jiran fasinja.

"Yaya Sani, kai ka ce babu mara lafiya a gidanmu?"

"Ni na ce."

"Ka san abin da ka jawo wa Hafsat?"

Ya kashe mashin ɗin ya juyo. "Zahra'u, a gaban Malam Inuwa zan ce ana sa wa Baba famfas? Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa manya a ma'aikata, ko hularsa ba a taɓa gani a karkace ba? Abokansa in sun zo ranar Juma'a, a zaune suke samunsa cikin babbar riga. Ciwon ƙafa suka sani. Ke kin yi boko, komai a wurinki takarda ne. Ni asirin ubana na rufa."

Na buɗe baki zan ce masa da bayan Hafsat ya rufa shi, sai ga wata mata da buhun gawayi tana neman Unguwa Uku. Ya tada mashin suka tafi. Na tsaya a wurin ina huci, motoci suna ta yi min hon. Haushinsa nake ji, ina kuma jin haushin kaina, don da ni aka tarar a ƙofar gidan ran nan, ban tabbatar da abin da zan ce ba.

Talata tun ƙarfe takwas muka fara. Joy 'yar Filato ce, a Babban Giji ta girma, tana da irin dariyar da ke sa a shimfiɗa wa mutum tabarma. Gida na farko aka ce mana Alhamdulillahi. Na biyu ma haka. A na uku aka kawo mana ruwa mai sanyi, matar gidan ta ce kowa lafiya lau, alhali zanin gado uku ne a kan igiya, ga ledar shimfiɗa an rataye a katanga tana tsane ruwa, kuma babu jariri a gidan. Tari ya taso daga ɗakin ƙurya, irin na wanda ya daɗe a kwance. Ta ce ai Hajiya ce, surukarta, ɗan zazzaɓi ne. Ba mu da ikon rubuta abin da ba a faɗa mana ba, muka yi godiya muka fito.

A waje Joy ta gyara mayafinta ta ce, "Anti Zahra'u, kada ki ji haushi. Ba ki ga ke take kallo ba? Ta san gidanku, kin san nasu. Yau ke ce Malam Inuwan."

Gaskiya ta faɗa. Ta ce in koma ofis ta yi ita kaɗai. Amma kowane fom yana cin kusan awa guda, mutum ɗaya ba zai gama talatin kafin Laraba da yamma ba. Ko da zai gama ma, ni ba zan iya zama ina kallon agogo ba, ƙafafuna kansu ba za su yarda ba. Muka raba jerin, ta ɗauki rabi na ɗauki rabi, gidanmu muka bar shi na ƙarshe.

Gida biyu na ƙara shiga ni kaɗai, na fito da Alhamdulillahi biyu. Rana ta take, zufa tana bin bayana, na'urar da muke cike fom a ciki ta ɗau zafi a hannuna. Ina tafe ina lissafa awowin da suka rage, ina sake lissafawa, kamar in na matsa musu za su ƙaru. Haka na isa gidan Inna Jummai.

Inna Jummai ƙawar Mama ce. Da tana suyar ƙosai a bakin layi, yanzu ta fi shekara ba a ga kaskonta ba. Mijinta Malam Shehu ma an daina ganinsa a masallaci, mutane suna cewa ƙauye ya koma. Ta tarbe ni da fara'a, ta tambayi kowa da kowa.

Na ce, "Inna, Malam fa?"

"Yana nan, da sauƙi."

"Yana iya wanka da kansa?"

"Alhamdulillahi."

"Zagayawa fa?"

"Sai godiya, 'yar nan."

Na ajiye na'urar a kan tabarma. Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. "Inna, Babana shekara uku ke nan bai taka ƙasa ba. Ba ciwon ƙafa ba ne. Famfas ake sa masa. Yana da gyambo a ƙugu da ya ƙi warkewa, in ba a juya shi duk awa biyu ba sai wani ya ɓullo. Ran da cikinsa ya ɓaci, sau biyar ake canja shimfiɗa."

Ta tsura min ido. Can ta goge hannunta a zani, ta tashi ta ɗaga labulen ɗakin da ke bayanta. Ta ce, "Zo ki gani."

Malam Shehu yana kan kujera, an ɗaure shi da zani ta ƙirji don kada ya zame. Bai gane ni ba. Inna Jummai ta zauna a bakin gado ta fara magana, ba ta tsaya ba sai da aka kira azahar. Ta gaya min yadda take cicciɓarsa ita kaɗai, da yadda bayanta ke riƙewa da sanyin safiya, da ranar da ta fita sayen gishiri ta dawo ta same shi a ƙasa. Na tambaye ta ko za ta iya zuba wani abu a asusu duk wata, ta ce in har za a zo a kama mata shi ta koma bakin kasko, ko rabin cinikin ne za ta bayar. Na cike fom ɗin ina murna, ina kuma jin kunyar murnar.

Da zan tashi ta ce, "Ke kike yi wa Malam Lawan ɗin?"

Na ce, "Ni da Hafsat."

Ta kama hannuna biyu ta yi ta sa min albarka.

Gaskiyar magana ban taɓa yi ba. Ni nake sayo famfas da magani, in ajiye a bakin ƙofa, in gaishe shi daga tsaye, in fice kafin bakwai. In na dawo bayan magariba an riga an gyara shi, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Duk abin da na zayyana wa Inna Jummai, daga bakin Hafsat na tsince shi. Na rubuta shafi arba'in a kan wahalar masu jinya a gida, amma ban san inda ake ajiye audugar wanke gyambo a gidanmu ba.

Sai dai na samu mabuɗi, kuma ba ni da lokacin tuhumar kaina. Na koma gida na uku, na zauna, na ba matar labarin Baba. Kafin in kai ga shimfiɗa biyar ta fara share hawaye, ta kai ni wurin Hajiya. Daga nan duk gidan da na shiga da shi nake farawa, tun kafin in buɗe fom. Na faɗa a gidan da ke da mara lafiya, na faɗa a gidan da kowa ke tafiya da ƙafarsa, suka saurara da baki buɗe suka ce Allah ya sawwaƙe. Labarin ya yi ta laushi a bakina. Wajen gida na goma sunan Hafsat ya faɗi daga cikinsa, ban sunkuya na ɗauka ba. Mace ta fi sakin jiki da wadda ta ce da hannunta take yi, haka na gaya wa kaina.

Da magariba na shiga gida na kasa cin tuwo. Na zauna, na tashi, na leƙa waya, na fita tsakar gida, na dawo. Hafsat tana ninke zannuwa, ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce aiki ne. Muna da uku, biyu nawa ɗaya na Joy.

Laraba kafin hantsi na gane labarin ya riga ni fita. Matan da ban shiga gidansu ba suna tare ni a hanya da sannu da jinya. Mai kemis ɗin da nake sayen famfas a wurinsa, wanda shekara uku yake ƙunshe min a baƙar leda bai taɓa tambaya ba, ya ɗago min hannu daga nesa. Da na zo wucewa ta wurin mai shayi, Malam Inuwa ya taso daga benci har da cire hula ya mayar.

Ya ce, "Malama, ashe jikin Malam Lawan ya kai haka? Mu muna ta cewa ƙafa ce. An ce ke kike komai da hannunki. Allah ya ba ki masu yi miki."

Na ce amin na ƙara sauri. Sau biyu Yaya Sani ya kira ni, na bar wayar ta yi ta ruri a jaka. Ba zan tsaya ba, saura gida bakwai.

Ana kiran la'asar muka haɗu da Joy a bakin layinmu. Gida ashirin da tara, mutum biyar. Ta ce, "Saura Baba." Na ce saura Baba. Ƙofar da nake shiga kullum ban ko duba ba, ranar sai da na tsaya na gyara ɗankwali a gabanta.

Hafsat tana bakin famfo tana ɗaurayar zanin gado. Ta gaida Joy, ni kuwa ba ta ɗago ta dube ni ba.

Ta ce, "Mata uku suka zo dubiya yau. Inna Jummai har man shafawa ta kawo, wai na gyambo. A gabansa ta yi ta yabonki."

"Ya ji?"

"Kunnensa bai shanye ba, Yaya."

Baba yana kwance rigingine, ba hula, furfurarsa ta kwanta gefe guda. Joy ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayanin binciken da amsar da Yaya Sani ya bayar tun farko, ta ce yana da damar ya ƙi. Ni ina raɓe a jikin ƙofa. Maganarsa tana fita a hankali tun da ya kwanta, amma ba ta ɓata.

Ya ce, "Na yarda, 'yata. Zauna ki rubuta. Amma waccan ce za ta karanta tambayar."

Ni yake nufi. Joy ta ce, "Baba, an ce ni zan yi."

"Ke ki rubuta abin da na ce, ba wanda zai canja miki. Ita nake so in ji. Kowa a unguwa ya ji ta, sai ni."

Joy ta juyo da na'urar yadda zan gani. Na matso na durƙusa. Tambayoyin da na karanta sau goma sha biyar a kwana biyu suka zame min kamar ban taɓa ganinsu ba.

"Baba, kana iya wanka da kanka?"

"A'a."

"Kana iya sa kaya?"

"A'a."

"Kana iya tashi daga kan gado?"

"A'a."

"Kana iya riƙe..." Na kasa ƙarasawa.

"Karanta. A gidan mutane ba ki yi in'ina ba."

Na karanta. Ya ce a'a, idonsa yana kan silin. Ban taɓa jin na tsani aikina kamar lokacin ba.

"Wa yake kula da kai a kullum?"

"Yau dai labari biyu nake ji. Wadda na sani Hafsat."

Joy ta rubuta ba ta ɗago ba. Na kai ido kan tambaya ta gaba, na tsaya cak. Akwai abin da mu uku muka haɗa baki muka ɓoye masa tun farko. Mun ce masa makarantar su Hafsat ta yarda ta ci gaba da karatu daga gida, ta waya, jarrabawa kawai za ta riƙa zuwa. Na so in tsallake tambayar, amma Joy tana kallo, kuma fom ɗin ba ya wucewa sai an cike.

"Mai kula da kai ya bar aiki ko karatu saboda jinyarka?"

"A'a. Tana karatunta ta waya."

Yatsan Joy ya tsaya a sama. Ta san labarin Hafsat, ni na gaya mata a ofis. Hafsat ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta yana ɗigar da ruwa. Baba ya juyo da kansa a hankali, ya dube ni, ya dubi Joy, ya tsayar da ido a kan Hafsat.

"Hafsat?"

"Na ajiye, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka kwanta."

"Littafin da nake ganin kina buɗewa a nan kusa da ni fa?"

"Na aji biyu ne. Shi nake ta maimaitawa."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefe ya shige kunnensa, ba wadda ta iya kai hannu ta share. Famfon da Hafsat ta bari a buɗe yana ta zuba a bokiti.

Da ya buɗe ido Joy ya duba. "Gyara, 'yata. Rubuta eh. Shekara uku." Sannan ya ce, "Akwai sauran hanyar komawa?"

Ni na amsa. "Zuwa ƙarshen wata ne, Baba. Shi ya sa nake ta wannan yawon. Da kai mun cika shida, Dakta zai rubuta wa kwamiti su sake ƙidaya. In aka ɗauki unguwarmu, ma'aikatan jinya za su riƙa zuwa."

"Kafin ƙarshen wata za su zo?"

Ba za su zo ba. Sake ƙidaya kaɗai zai ci mako uku, na san haka tun ranar Litinin, na ƙi tsayawa ne in kalle shi.

Ya ce, "Hafsat, gobe za ki je ki yi rajista."

"Baba, wa zai juya ka?"

"Zahra'u. Unguwa duka ta shaida ita take yi. An sa mata albarka gida-gida, ba zan bari 'yata ta zama maƙaryaciya ba. Sani kuma da ya ce lafiyata lau, wankan asuba nasa ne. Ki gaya masa ni na ce."

Na ce, "Baba, ofis fa?"

"Ita ma tana da inda take zuwa lokacin da na faɗi."

Joy ta ƙarasa sauran tambayoyin da kanta, da murya ƙasa-ƙasa, ya amsa mata duka. Ta yi masa addu'a, ta ce za ta je ta kai wa Dakta, ta fita ba ta jira rakiya ba.

Hafsat ta duba agogon bango. Lokacin juyi ya yi, har ya ɗan gota. Na matsa gefe don in ba ta wuri, kamar yadda na saba, amma ba ta shigo ba. Ta jingina da ƙofar ta goge hannunta a zani.

Ta ce, "Cire agogonki, Yaya, zai karce shi. Naɗe hannun riga. Ki fara lanƙwasa masa gwiwa. Hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ki kauce wa wurin da aka rufe da auduga."

Na cire agogon na ajiye a ƙasa. Baba ya kawar da fuskarsa wajen bango don kada mu haɗa ido. Na cusa hannuna a ƙarƙashinsa, na tattara ƙarfina duka kamar zan ɗauki buhun shinkafa, na ɗaga. Saura kaɗan in wuce da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma ban san tun yaushe ba.